Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum. Iyayenmu, Alhazai da Hajiyoyi, da sauran 'yan'uwa mazauna Bronx, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya aiwatar a bana. An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, na watan azumi kuwa an haɗa shi da buɗa-baki.

Tun da an yi ta tambaya game da motar ɗaukar yara da aka amince a saya bara, ya kamata kowa ya san dalilin da ya sa har yanzu ba a saya ba. Kuɗin wata da aka tsara za a tara don wannan aiki bai shigo ba, kuma akwai membobin da rabonsu da biya tun kafin Babbar Sallar bara, duk da saƙonnin tuni da ma'aji ya yi ta aikawa ta WhatsApp. Ɗan abin da ya shigo ya tafi ne wajen rajistar yara a gasar besbol, da sayen hulunan kwano da safar hannu da sandunan bugu, domin ba a barin yaro ya tsaya bugu ba tare da hular kwano ba. Haka nan atisayen hunturu a cikin zaure ya tsaya saboda kuɗin haya. Mun san da yawa daga cikinmu suna tuƙin tasi ko aikin dare, amma waɗanda suke biya a kan kari su ma irin aikin da suke yi ke nan.

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne wasan besbol da yaranmu 'yan shekara 9 zuwa 12 suka buga a watan Yuni a gasar Little League ta unguwa. A wannan rukuni zagaye shida ake yi, kuma doka ta ce idan wani ɓangare ya ba da ratar maki goma bayan zagaye huɗu, sai a tsayar da wasa. Da aka gama zagaye na uku ana gaban yaranmu da maki tara, har wasu iyaye sun fara naɗe kujerunsu. Yaron da yake jifa ya janyo hularsa ya rufe ido don kada a ga hawayensa. Malamin da yake horar da su ya taka har tsakiyar fili, ya dafa kafaɗarsa, ya ce masa ya daina kallon allon maki, ya ji da mai bugun da yake gabansa kawai. Yaron ya fitar da masu bugu uku ba tare da an ƙara ko maki ɗaya ba.

Daga nan sai layi ya zo kan ƙaraminsu, wanda bai taɓa samun ƙwallo da sanda ba tun farkon kaka. An jefa masa biyu ya kuskure, saura ɗaya a fitar da shi, amma ya daure ya ƙi kai wa ƙwallayen banza bugu har aka ɓata jifa huɗu, wanda a doka ya ba shi damar takawa zuwa zango na farko. Wannan haƙuri nasa ne ya buɗe hanya. Aka kai zagaye na shida cif, aka tashi an fi su da maki biyu kacal, kuma suka jeru suka gaisa da abokan karawarsu kai a ɗage. A ganin kwamiti, wannan rana ta biya duk abin da aka kashe, domin yaran sun gane da kansu cewa babban gibi da kaɗan-kaɗan ake cike shi. Wasa ne da gwani a cikinsa yakan kasa yin bugu mai nasara sau bakwai cikin goma. Tun bayan shahararren ɗan wasa Ted Williams a 1941, babu wanda ya sake kai nasara huɗu cikin bugu goma a cikakkiyar kaka a manyan gasannin Amurka guda biyu.

Ga masu cewa wannan wasan Turawa ne da bai shafe mu ba, muna tunatar da su cewa a 2011 an hana yaran Yuganda biza bayan sun cancanci zuwa gasar duniya ta Little League a garin Williamsport na jihar Pennsylvania, sai ga yaran garin Lugazi a 2012 sun zama tawagar Afirka ta farko da ta buga a can, har suka doke tawagar jihar Oregon.

Abin baƙin ciki shi ne, a ranar wasan namu iyaye mata ne suka fi yawa a gefen fili, su ne kuma suka kawo ruwa da abinci, yayin da wasu da suka fi kowa ɗaga murya a taro ba su taɓa leƙowa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma 'yan kwamiti su ma masu iyali ne da ba a biyan su ko sisi. Ma'aji zai karanta jerin masu bashi a taron watan Janairu, saboda haka duk mai son daidaita lissafinsa ya same shi kafin lokacin. Muna kuma neman iyaye maza da za su riƙa raka yara atisaye ranar Asabar idan an buɗe rajistar bazara. Wassalam.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa