Wace Irin Ganga Ta Dace da Yaro Ɗan Shekara Biyu?

Assalamu alaikum, Malama. Ina fata kina lafiya tare da abokan aikinki, Allah Ya saka da alheri a kan wannan fili da kike amsa tambayoyin iyaye. Na rubuto ne domin neman shawararki game da gangar wasa da nake son saya wa ɗana, wanda yanzu yake da shekara biyu da wata huɗu. Yaron ba ya ganin abu mai rami ya wuce bai buga shi ba, ko bokiti ne ko kwali ko murfin tukunya, kuma idan ya ji amon ya yi masa sai ya ɗago kai ya dubi na kusa da shi yana dariya, yana jiran a tafa masa. Shi ya sa ni da mahaifinsa muka yarda cewa lokaci ya yi da za a ba shi gangarsa ta kansa, sai dai a kan irin da za a saya ne bakinmu bai zo ɗaya ba.

Maigida ya fi son irin mai batir, wadda ke da fitilu masu launi da waƙoƙi a cikinta, yana cewa ita ce za ta riƙe hankalin yaro har mutum ya samu ya yi wani aiki. Ni kuwa zuciyata ta fi kwantawa da ganga zalla, kango da fata kawai, wadda ba za ta yi ƙara ba sai an buga ta. Dalilina shi ne, mai batir da zarar an taɓa ta sai ta ɗauki kiɗa ita kaɗai, yaro ya koma ɗan kallo, alhali ɗayar tana mayar masa da daidai abin da hannunsa ya ba ta: in ya buga a hankali ta amsa a hankali, in ya buga tsakiya ya ji amo mai kauri, in ya koma gefe ya ji amon ya canza. Na kuma karanta labarin wani bincike da aka wallafa a 2009, wanda aka yi a birnin Leipzig na ƙasar Jamus, inda aka ga cewa yara ƙanana, har da 'yan shekara biyu da rabi, sun fi daidaita bugunsu da kiɗa idan mutum ne ke bugawa tare da su, fiye da idan na'ura ce ke yi. Wannan ya ƙara min ƙarfin gwiwa, ko da yake maigida ya ce to sai in shirya zama makaɗiyar yaron kullum. Akwai kuma fargabar ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓalli, wanda idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi zai iya ƙona wurin cikin awa biyu, don haka ko da mun koma ga zaɓin maigida ba zan karɓi wadda murfin batirinta ba a ɗaure yake da noti ba.

Inda na fi buƙatar ki tsaya min, Malama, shi ne batun gula, wato sandunan da ake haɗawa da gangar. Yawancin waɗanda na duba suna zuwa da sanduna biyu, kowace da ɗan dunƙulen katako ko roba a kanta, kuma akwai wadda na murɗa kanta da yatsu biyu na ji yana motsi. A ƙa'idojin kayan wasa na Turai da na Amurka, duk guntun da zai shige cikin bututun gwaji mai faɗin milimita 31.7 ana ɗaukarsa a matsayin abin da zai iya shaƙe yaron da bai kai shekara uku ba, kuma ga abu mai siffar ƙwallo ma'aunin ya fi haka tsanani, kimanin milimita 44. Ɗana har yanzu yana kai abu baki, yana kuma gudu riƙe da duk abin da ke hannunsa. Ga shi yana da ƙanwa 'yar wata bakwai da ta fara zama, wadda ba na shakkar cewa kanta ne zai zama ganga ta biyu ranar da ya samu sanda. Shin in ɓoye sandunan ya yi ta bugu da tafin hannu har ya cika shekara uku, ko kuwa in nemo masu gajarta da kan soso in riƙa ba shi lokacin da nake zaune kusa? Maratayin da ake saƙalawa a wuya kam na riga na yanke cewa almakashi zan sa masa.

Wannan ya kai ni ga alamomin da ke jikin kwali. Gangunan da suka fi kyau a idona kusan duk suna ɗauke da jan da'irar nan mai fuskar jariri da rubutun 0-3, kuma na fahimci cewa ba wayon yaro take aunawa ba, gargaɗi ne kan haɗari. Ina duba alamomin cika ƙa'idar tsaro, wato CE da EN 71 na Turai ko ASTM F963 na Amurka, amma alamar CE shaida ce da mai ƙera kaya yake ba kansa, ba wani ne ya tsaya a kan kowace ganga ya gwada ba. Idan na cire sanduna da maratayi, shin gargaɗin ya faɗi ke nan, ko kuwa ƙananan ƙusoshin da suka riƙe fatar ma suna cikin lissafi?

Sai batun ƙara. Ba kunnena nake ji ba, na yaron nake ji, domin hannunsa gajere ne kuma gangar ba ta da nisa da kansa. Ma'aunin da aka saba ambata ga manya a wurin aiki shi ne desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne) na tsawon awa takwas, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar desibel 75 ga yara a na'urorin da ake sanyawa a kunne, to ina ga sandar roba mai tauri a kan fuskar roba mai tauri cikin ɗaki a rufe. Fatar dabba ta fi taushin amo, sai dai ba ta wankuwa, tana saki idan ta sha danshi, kuma yaron zai lashe ta ko ba jima ko ba daɗe. Ta roba ana goge ta da sabulu a gama, amma idan ta tsage bakinta kaifi ne da shi. Game da fenti na tsaya kan katakon da ba a shafa masa komai ba, saboda tsoron gubar dalma.

Abin da nake da niyyar saya, idan ba ki ga aibu ba, ƙaramar ganga ce mai faɗin faranti, marar nauyi, wadda za a ajiye a ƙasa ya zauna ya sa ta tsakanin ƙafafunsa, ba batir, ba ƙararrawa a gefe. Ina roƙon ki duba min wannan zaɓi, ki faɗa min tsakanin fata da roba wadda za ki ba yaro mai wannan shekaru, da tsawon lokacin da ya dace a bar shi yana bugawa a zama ɗaya. Idan kuma kina ganin maigida ne ke da gaskiya a kan mai batir, ki faɗa ba tare da kara ba, domin tare muke karanta wannan shafi.

Wassalam.

Taki mai bibiyar fili,
Uwar yara biyu.