Kanawa, mu saka unguwanninmu a taswirar waya

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana Kanawa kan taswirar nan ta intanet mai nuna wa direba hanya.

Sana'ata tuƙi ce. Ina ɗaukar atamfa da shadda daga Kantin Kwari in kai wa matan da ke saro suna sayarwa a gida. A da, kwatance sai da baki: ka wuce gidan mai, ka karya dama wajen mai shayi, ka tambayi gidan Hajiya mai markaɗe. Yanzu mai kaya sai ta turo mini inda take ta WhatsApp, in danna, waya ta zana mini hanya har da mintocin da zan yi. A manyan tituna abin yana aiki sosai. Idan zan bi titin Zariya zuwa Na'ibawa, ko titin Katsina zuwa Dawanau, ina duba launi kafin in tashi. Kore hanya a buɗe take, ja kuwa cunkoso ne. Wayoyin mutanen da ke kan titin ne ke nuna saurin tafiyarsu, daga nan ake gane inda motoci suka tsaya. Da tsadar man nan, duk cunkoson da na kauce wa kuɗi ne ya rage a aljihuna.

Amma da zarar ka shiga cikin ganuwa, labari ya canza. A Yakasai ko Jakara ko kewayen Kasuwar Kurmi, akwai lungun da a waya za ka gan shi kamar titi, a ƙasa kuwa ko Adaidaita Sahu da ƙyar zai ratsa. Taswira ba ta san layin da ake shimfiɗa tabarmi ranar Juma'a ba, ba ta san gidan da aka kafa rumfar biki aka tare hanya ba, ba ta san inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta ba. Ranar Hawan Daushe ko Hawan Nassarawa kuwa, duk Bakano ya san hanyoyin da ba a bi da mota.

Sai maganar suna, wadda ita ce ta fi damuna. Mu muna cewa Asibitin Nassarawa, a takarda sunansa Muhammad Abdullahi Wase. Muna cewa Kasuwar Sabon Gari, a hukumance kasuwar Muhammad Abubakar Rimi ce. Baƙon da ya taho daga Gumel ko Maraɗi da marar lafiya a mota sunan da ya ji a bakin mutane zai rubuta. Waɗannan ma manyan wurare ne. Ina ga ƙaramin asibitin unguwa, ko Islamiyya, ko kemis ɗin da ke buɗewa har dare? Da yawansu babu su a taswira sam, domin babu wanda ya saka su.

Wannan aikinmu ne, ba wanda zai zo daga Amurka ya yi mana. Google Maps na ba kowa damar ƙara wurin da babu ko gyara sunan da bai dace ba, haka ma OpenStreetMap wadda 'yan sa kai ke zanawa tun 2004. Ba a biyan ko kwabo. Matasanmu da ke wuni da waya a hannu za su iya. Mai shago ya saka shagonsa da lokacin buɗewa, kwamitin masallaci ya saka masallacinsa, da sunan da jama'a suka sani.

Ina kira ga ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale da Fagge da su kafa allunan suna a bakin layuka, su haɗa kai da masu unguwanni, tunda su suka san kowane lungu. 'Yan'uwana direbobi kuma, don Allah a saita hanya kafin a tada mota, a kunna murya, a daina latsa waya ana tuƙi a shataletale. Wanda ba ya da data kullum, ya sauke taswirar Kano a wayarsa tun yana gida, za ta nuna masa hanya ko babu sabis.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Wani direban kai kaya,
Fagge, Kano