Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Tsohon Lambun Bakin Fadama

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka na unguwar bakin fadama, manoma da masu ɗaura amya da iyayenmu mata masu daddawa. Mun zauna bayan sallar Juma'a muka ga gara mu kawo kuka gidan sarauta tun abin bai fi ƙarfin kowa ba.

Maganar tsohon lambun nan ce. Kwanan nan wasu dillalai sun shigo ana awon igiya, an kakkafa turaku an shafa jan fenti, har an fara yi wa fuloti kuɗi, kuma wallahi kafin mu ankara an kayar da ɗorawar bakin hanya da manyan mangwarori, masu gawayi suka haƙa rami a wurin suka cinna wuta, hayaƙin ya kwana a ɗakunanmu masu asma suna ta tari. Ba mu ce magada kar su sayar da gadonsu ba, haƙƙinsu ne. Amma itatuwan nan kakanni suka dasa, wasu ma samunsu suka yi, kuma duk gari ke cin moriyarsu.

Ranka ya daɗe ka fi mu sani, jemage na cikin manyan masu bin furen ɗorawa da daddare har ta yi 'ya'ya, haka ma kuka. Jemagun nan a kan mangwarorin lambun suke yini. In aka sare ina za su? In babu jemage kalwa na iya raguwa, babu kalwa babu daddawa, kuma akwai zawarawa a unguwar nan da da kuɗin daddawa suke biya wa marayu makaranta. Gawo kuwa shi ne takin talaka, da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani awaki su samu 'ya'yansa. A can Maradi da Damagaram tun wajen 1983 manoma suka koma barin tohon itace a gona, abin da suke kira sassabin zamani, ƙasar da ta mutu ta dawo tana ba da hatsi. Su suna raya nasu mu muna ƙona namu a buhun gawayi.

Sai lafiya, nan ne abin ya fi ci mana rai. Mujiya da shaho da ke zama a kogon tsamiya su ke rage mana ɓera, kuma kowa ya ji a rediyo ɓera ne ke kawo zazzaɓin Lassa. Shamuwa da ke sheƙa a saman kuka tana zuwa gab da damina ta cinye fara, yaranmu da ita suke gane ruwa ya kusa. Ungulu dai mun riga mun rasa ta, yaro ɗan shekara 10 a nan bai taɓa ganinta a mahauta ba. In watan Afrilu ya kama ɗakin langa-langa ba ya zaunuwa, tsofaffi da masu jego a inuwar lambun suke wuni, ga shi itatuwan ke tare ƙurar hunturu, mu kuma da muka ga sanƙarau na 1996 ba ma wasa da zafi da ƙura da cunkoso. Sannan fadama hanyar ruwa ce, duk wanda ya gina ta ruwan Agusta cikin gidajenmu zai biyo.

Abin da muke roƙo, dan Allah a dakatar da awon nan tukuna, a turo wakili tare da dagaci da mai unguwa da malamin daji na ƙaramar hukuma su zagaya su gani da idonsu. A hana sare duk itacen da ke 'ya'ya sai da izini. Ɓangaren da ke jikin rafi a keɓe shi ya zama na al'umma a rubuce da hatimi, mu mun yarda za mu yi karo-karo a biya magada abin da dattawa suka yanke, matasanmu kuma sun ɗauki nauyin shinge da ban ruwan sabon dashe har ya kama.

Duk ranar da aka kira mu fada za mu zo da takardar sa hannun masu gidaje.

Allah ya taimaki Hakimi.

Talakawanka, mazauna unguwar bakin fadama.