Warin fetur a mota da sassafe ba kullum ne laifin sanyi ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana masu mota, musamman mu nan Kaduna yanzu da hunturu ya kankama, a kan wani abu da ya same ni wanda na tabbata ba ni kaɗai ba ne, wato warin fetur ɗin nan da mutum yake ji in ya tada mota da sassafe, can an jima in inji ya ɗau zafi sai ya ɓace kamar ba a yi ba.

Ni dai motata tsohuwa ce 'yar Kwatano, ƙirar 2006, da ita nake kai yara makaranta daga Tudun Wada kafin in wuce wurin aiki. Tun da sanyi ya shigo, in na tada ta wajen shida da rabi sai wari ya cika cikin motar, ba warin hayaƙin salansa ba fa, warin ɗanyen mai sak irin wanda kake ji in ka tsaya kusa da famfo a gidan mai. Kafin mu hau Bayafas ya ragu, kafin in sauke yara babu shi sam. Na yi ta sharewa har ranar da ƙaramar 'yata ta ce min Abba kaina yana ciwo in na shiga motar nan, da na dawo uwargida ma ta tare ni ta ce maigida don Allah a duba motar nan, ko daga kicin ina jiyo warin in ka tada ta. To daga nan ne hankalina ya tashi.

Sau uku ina kai ta gareji, kuma duk da rana tsaka nake zuwa saboda lokacin ne nake samun sarari. Bakanike ya buɗe bonet ya leƙa ya shinshina, ya sa a ba ta wuta, ya ce Alhaji babu komai, sanyi ne, kowace mota haka take yi. Zuwa na biyu aka canza fulogi, na uku aka wanke nozul, wato abin da ke fesa wa inji mai, kuɗi sun tafi wari yana nan. Kuma ban ce mugunta ya yi min ba, tsakani da Allah abin da ya gani ya faɗa, don a lokacin da nake kai masa motar ta riga ta yi zafi, abin da ake nema ya riga ya ɓuya.

Kuma akwai gaskiya a maganarsa, shi ya sa take saurin shiga kunne. Fetur ba ya cin wuta da kyau sai ya zama tururi ya gauraya da iska, to in inji ya kwana cikin sanyi wani daga cikin man sai ya lafe a jikin ƙarfe ya ƙi tashi, dole a ƙara masa mai fiye da ƙima kafin ya kama. Waɗanda suka tuƙa Peugeot 504 irin wadda ake haɗawa a Kakuri tun shekarun 1970 sun san cok, ka ja shi da safe ka tada mota, in ta ɗumama ka mayar. Motocin yanzu babu kafireto babu cok, birenbos ne, wato na'urar da ke sarrafa inji, yake wannan aikin da kansa, yana tambayar wani sensa da ke cikin ruwan inji ko akwai sanyi, in ya ce akwai sai ya ƙara buɗe nozul. Injin da ya ɗau zafi yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai in an auna da nauyi, amma da sanyi mai ya fi haka yawa nesa ba kusa ba. Shi kuma sensan da ke jikin salansa mai lura da ko mai ya yi yawa ba ya fara aiki sai ya kai zafin wajen digiri 300, haka ma abin tace hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi, shi ma sai ya gasu yake iya ƙone ragowar man. Saboda haka in ka tsaya a bayan mota wajen bakin salansa ka ji ɗan wari na minti ɗaya ko biyu, wannan ba abin tada hankali ba ne. Amma nawa ba a baya yake ba, a gaba yake, kuma yana shigowa ciki.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijon bakanike can wajen Kakuri. Da na gama yi masa bayani bai ko buɗe bonet ba, ya ce yaro ciwon da ke tashi da asuba ba a kai shi wurin likita da azahar a ce ya gani, ka bar min ita ta kwana a nan, gobe ka zo ƙarfe shida. Na ce to Baba. Washegari na hau acaɓa cikin hazo da jaura na iso, na same shi da rigar sanyi da 'yar tocila a hannu. Ya ce in murɗa makulli kawai kada in tada, na murɗa, muka ji famfon mai ya yi ɗan kukan nan nasa daga ƙarƙashin kujerar baya na kamar daƙiƙa biyu ya tsaya, ya ce kashe ka sake, har sau uku. Sai ya haska tocila a gindin nozul ɗin ɗaya bayan ɗaya, na farko a bushe da ƙurarsa, na biyu haka, na ukun kuwa ƙurar da ke gindinsa ta jiƙe ta yi baƙi tana ƙyalli. Ya yago farar takarda ya dangwala ya miƙo min, ya ce shinshina. Wallahi ɗanyen fetur ne. Ya ce to tada ta yanzu, na tada, muna tsaye muna kallo mai yana tsattsafowa a hankali yana gangarawa kan inji, bayan kamar minti biyar zuwa shida wurin ya bushe ƙarau, in da a lokacin ka zo sai ka rantse lafiyarta lau.

Da ya kwance ya ciro abin, ashe wata 'yar roba ce kamar zoben yatsan jariri, ita ce take toshe tsakanin nozul da bututun da ke raba musu mai. Ya ɗora min ita a tafin hannu, ta bushe ta ƙandare, da ya matsa ta da farce sai ga tsaga ta buɗe. Ya ce roba in ta tsufa sanyi yana sa ta tsuke, mai ya samu hanya, in zafi ya zo ta ɗan saki ta kumbura ta toshe kanta. Kuma man da ke cikin wannan bututun ba a kwance yake ba, a matse yake da ƙarfin da ya kai wajen bar 3 a ma'aunin matsi, ya fi iskar da ke cikin tayar motarka, don haka ƙaramar tsaga ta ishe shi. Dalilin da ya sa yake cika mana ciki kuwa, ƙofar da mota ke shaƙo iskar waje tana nan gindin gilashin gaba daf da bayan bonet, ni kuma da sanyi ina kunna hita saboda yara, ashe da hannuna nake zuƙo musu tururin fetur. Wannan abin har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi, domin tazarar da ke tsakanin inda man ke zuba da wayoyin fulogi ba ta fi tsawon hannu ba.

Duka huɗun ya canza, ya ce tunda ɗaya ta mutu sauran ma sa'o'inta ne, kuma ya shafa musu ɗan baƙin mai kafin ya tura don kada su yage. Kuɗin robobin bai kai na fulogin da aka canza min a banza ba.

Amma abin da ya fi ɓata min rai, Malam Edita, shi ne abin da ya gano bayan nan. Ya lura allurar zafi ta ƙi hawa ko da mota ta daɗe tana silo, kuma fankar lagireto ta kama gudu tun daga murɗa makulli. Ya buɗe ya ga babu tamostat, an cire an jefar tun kafin motar ta zo hannuna, an kuma haɗa fanka kai tsaye. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a garejinmu, da mota ta shigo ƙasar nan sai a ce tamostat na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara, mu nan zafi gare mu, a cire. Alhali an ƙera inji ne ya yi aiki a zafin wajen digiri 90, kuma tamostat shi ne mai riƙe ruwa har inji ya kai nan da wuri. In ka cire shi a garin da asubahin Disamba da Janairu sai ka sa safa da hular sanyi, inji zai daɗe bai ɗumama ba, sensa yana ta gaya wa birenbos har yanzu da sanyi, shi kuma yana ta ambaliyar mai, kamar ka ja cok a 504 ka manta ba ka mayar ba tun daga Kawo har Sabon Tasha. Ga wari, ga fulogi yana yin baƙi, ga fetur yana wanke baƙin mai daga jikin silinda, ga aljihu yana ƙonewa, a wannan zamanin da tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda lita take. Indomin ma da ya leƙa babu, an farke an kwashe saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa an mayar da fanko.

Ba kowa ne nasa zai zama irin nawa ba, Baba ya lissafa min wasu wuraren yana nunawa da tocila. Tiyon mai da ya tsattsage ko kilif ɗinsa ya saki shi ma da sanyi ya fi zuba. In warin daga kujerar baya yake fitowa a ɗaga ta a duba murfin famfon mai, sau da yawa in an canza famfo sai a mayar da tsohon sil ko a ɗaura shi a karkace. Murfin tanki in robarsa ta cinye shi ma yana yi. Akwai kuma wani ɗan akwati mai gawayi a ciki da ke tsotse tururin tanki, mu da kanmu muke kashe shi, in famfon gidan mai ya yi ƙas ya tsaya sai mu ce a ƙara, har a riƙa girgiza mota wai don ta ƙara ɗauka, man ya malala cikin gawayin ya jiƙa shi. In kuma motar tana wahalar tashi da safe tana kakkarwa da baƙin hayaƙi, a zaro sandar auna baƙin mai a shinshina, in akwai warin fetur to wataƙila nozul ne ke ɗiga cikin inji cikin dare, ko sensan ruwa ya lalace. Wannan kam a sa mata kwamfuta, motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da wurin jona ta a ƙarƙashin sitiyari, in ta nuna P0172 tana nufin mai ya yi wa iska yawa. Sai dai a sani, zubar waje irin tawa ba lallai ta kunna fitilar cek inji ba, tawa ko sau ɗaya ba ta kunna ba, hanci da ido ne kawai suka kama ta.

Don girman Allah duk wanda zai duba da kansa ya yi a fili, da tocila, ba ashana ba leta ba sigari. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya yana bin daɓe, kuma lokacin hunturu ne ake hura gawayi a tsakar gida ana jin ɗumi, ga murhun mai shayi da mai ƙosai a bakin titi inda muke ajiye motoci. Masu ɗumama mota a cikin rufaffen gareji minti goma sha biyar su ma su daina, hayaƙin salansa yana ɗauke da iskar guba wadda ita ba ta da wari ko kaɗan, kuma motar zamani ba ta bukatar wannan dogon wamin ɗin, ɗan jira kaɗan ka ja ta a hankali ya fi saurin ɗumama ta. Wanda kuma yake ajiye galan ɗin 'yan bumburutu a but ya fara fitar da shi tukuna kafin ya zargi inji.

Kirana ga 'yan uwa kanikawa, na Fanteka da na Kawo da na Rigasa da ko'ina, in mutum ya ce muku da safe yake jin wari ku tambaye shi ta ina yake ji, gaba ko baya ko ciki, kuma minti nawa yake ɗauka, sannan ku ce ya bar motar ta kwana. Na san ba kowane mai mota ne zai yarda ba, kowa sauri yake, amma ku dai ku faɗa masa. Ku kuma Malam Edita da za ku ware mana ɗan shafi ko sau ɗaya a wata ku riƙa zantawa da tsofaffin kanikawa irin wannan dattijon da Hausa, da an taimaki mutane da yawa.

Ni dai an mayar min da tamostat, an gyara wayar fanka, yanzu kafin in kai Bayafas allura ta hau tsakiya ta tsaya. Indomi ne ban saya ba tukuna, kuɗinsa ya fi ƙarfina a yanzu, don haka ɗan warin bayan salansa yana nan, ina hana yara tsayawa ta wajen in na tada. Jiya da asuba na sake sa farar takarda a gindin nozul huɗun nan, ta fito a bushe, alhamdulillahi.

Wassalam.

Naku mai karatu a kullum,
daga Tudun Wada, Kaduna.