Barka da Sallah daga Koriya

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Ina fata kun yi Idi lafiya, Inna kuma ta samu masu taya ta suyar nama. Mu nan mun yi Idi a babban masallacin Seoul da ke unguwar Itaewon. Ba a ba da hutun Sallah a ƙasar nan, don haka da yawa daga masallaci wurin aiki suka zarce. Ni na nemi izinin wuni guda, kuma maimakon zaman ɗaki da kewar gida sai na nufi garin Guri, gabas da Seoul, in ga maƙabartar sarakunansu mai suna Donggureung.

Baba, na san ku da son tarihin sarauta. Gidan sarautar Joson ya mulki ƙasar nan daga 1392 zuwa 1910. Kaburburan sarakunansa da matansu 40 ne a nan Koriya ta Kudu, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2009, kuma 9 daga cikinsu suna wannan daji. Kowanne tulin ƙasa ne a kan tudu, tsauni a bayansa, ruwa a gabansa.

Aikin dutsen ne ya tsayar da ni. A gaban kabari an sassaƙa mutane jere dama da hagu, sai ka ce fadawa ranar zaman fada. Na kusa da sarki ma'aikatan mulki ne, cikin riguna masu faɗin hannu, kowa ya riƙe ɗan allo a ƙirji. Ƙasa da su jarumai ne cikin sulke, hannu biyu a kan takobi, kowa da dokinsa na dutse. Na matsa kusa da ɗaya a inda aka yarda a matsa: wuyansa ya nutse cikin kafaɗu, idanu manya, gansakuka ta bi kwalkwalinsa. Kewaye da kabarin kuma raguna ne da damisoshi, sun juya wa sarki baya suna fuskantar waje, wai gadi suke. Inna, kada ki damu, kallo kawai na yi. Tafarkinmu daban ne, amma gwanintar masassaƙan ba abin musu ba ce.

Sai kabarin Taejo, wanda ya kafa gidan, ya rasu a 1408. Sauran kaburburan an aske ciyawarsu tas, nasa kuwa doguwar ciyawa ce ta rufe shi. An ce ya yi ta begen garinsu Hamhung, wanda yanzu ke Koriya ta Arewa, shi ne ɗansa Taejong ya sa aka ɗebo ƙasa da ciyawa daga can aka lulluɓe kabarin. Sau ɗaya ake yanke ta a shekara, a watan Afrilu. Wallahi Baba, nan idona ya cika da hawaye. Mutum ya mallaki ƙasa guda, amma ransa na garinsu. Bare ni da na zo neman halak.

Kuɗin da na turo ta hannun Yaya, a cire wa Goggo nata, a raba wa yara goron Sallah. Idan kun je ziyarar maƙabarta, a yi wa Kaka addu'a a madadina. A gaida Kawu da mutanen gida baki ɗaya. Ku ci gaba da sa mini albarka, Allah Ya sa baɗi a tare za mu yi.

Ɗanku