Zuwa ga Habu a Alƙahira, kan addar Baba Soja

Assalamu alaikum Habu mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya sanyin Masar? Mu nan Bauchi hazo ne ya rufe mu yau kwana huɗu, da safe ko tsallaken titi ba ka gani sosai, leɓe duk ya tsage. Inna tana gaishe ka, ta ce wai tun da ka tafi sau biyu kacal ka kira ta, ni dai na isar da saƙo, sauran kuma tsakaninku ne.

Na saurari boyis ɗin da ka turo kana ta mita wai tafiyar Kano zuwa Alƙahira ta gajiyar da kai, kujera ta matse ka, abincin jirgi ba gishiri. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a shago, don abin ya zo daidai da wani abu da nake ta son in ba ka labari.

Ka tuna Baba Soja ai, ƙanin kakanmu, wanda yake zama a dakalin ƙofar gida yana koran mu in muna ƙwallo? To makon jiya ana gyaran ɗakin da ya zauna za a sa wa Sadiku amarya, sai muka jawo akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado. Ba wani abin kirki a ciki, lambobin yaƙi biyu da suka yi baƙi, wani ɗan littafin sallama da gara ta ci rabi, sai addarsa a naɗe cikin tsumma. Ita addar ce ta tsaya min a rai. Duk ta yi tsatsa, ƙotar an ɗaure ta da waya, bakinta ya shige ciki saboda wasawa har ta koma kamar lauje. Ka tuna yadda yake cewa da wannan addar muka yi wa jirgin sama titi a Boma, wato Myanmar ta yanzu, lokacin yaƙin Hitila, mu kuma mu ƙyalƙyale da dariya muna cewa gigin tsufa ne? Ashe mu ne ba mu san komai ba, Allah ya yafe mana.

Daren nan ban yi barci da wuri ba, data ta kusa ƙarewa a kan karance-karance. Rundunar da aka kai su Boma, ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, akasarin 'yan Najeriyan cikinta mutanen Arewa ne, har Hausa ce harshen bariki. A 1944 ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan, daji ne da tsaunuka ba hanyar mota, komai daga sama ake jefo musu da laima, shinkafa, harsashi, magani, duka. To amma wanda aka harba ko zazzaɓi ya kayar fa, ai ba a jefa shi sama. Dole sai jirgi ya sauka ya ɗauke shi. Shi ya sa duk inda suka ya da zango sai a nemi fili, yawanci gonar shinkafa da ta bushe, a sare itatuwa, a tone kututture, a baje kunyoyi, a bi da ƙafa ana daddaɓewa har ƙaramin jirgi ya iya sauka. Wani wurin ma har babban nan da ake ce wa Dakota. Kuma da yawansu ba ma bindiga aka ba su ba, 'yan dako ne, kaya a ka adda a hannu. Yanzu na gane abin da ya sa Baba bai taɓa ba mu labarin ya harbi kowa ba, kullum zancensa sara da ɗaukan kaya da ruwan sama da matsattsaku. Na tuna ya taɓa cewa wani abokinsa ɗan Azare da idonsa ya ga an sa shi a jirgi a filin da suka share da hannunsu jiya-jiya, daga nan bai sake jin ɗuriyarsa ba, ko ya rayu ko bai rayu ba oho.

To bari in zo kan tafiyarka, don nan ne abin ya fi ba ni mamaki. Wannan hanyar da ka bi a 'yan awanni kana ƙorafin gishiri, tsohuwar hanyar yaƙin Hitila ce. Da Italiya ta shiga yaƙi a watan Yuni 1940 sai tekun Bahar Rum ya zama ba ya biyuwa ga Ingila, ga sojojinta a Masar suna neman jiragen yaƙi ido rufe, in kuma aka ce a zagaya da su ta ƙasan Afirka ta Kudu a jirgin ruwa sai an share watanni. Sai suka yi dabara, a zuba jirage a manyan akwatunan katako gunduwa-gunduwa, a sauke a Takoradi ta ƙasar Gana, lokacin ana ce mata Gwalkwas, makanikai su harhaɗa, sannan a tuƙo su. Daga Takoradi sai Legas, sai Kano, sai Maiduguri, sai Fort Lamy wato Njamena ta yanzu, sai Janaina da Fashir a Darfur, sai Khartum, a bi kogin Nilu har garin da kake zaune. Kusan kilomita 6,000, tafiyar kusan mako guda. An fara a watan Satumba 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi ta nan. Ka ji fa, dubu biyar, ta saman Kano da Barno.

Ayari suke yi kamar fatake, babban jirgi mai injin biyu irin Blenheim a gaba shi ne madugu don shi ke da mai duba taswira, ƙananan Hurricane suna bin sa a baya. Ka yi tunanin irin hazon da muke ciki yau, ba na'urar zamani, in ka ɓace wa madugu shikenan sai dai mai ya ƙare maka a daji. Kuma da Cadi ba ta buɗe ba da duk shirin ya rushe, gwamnanta Félix Éboué, baƙar fata ne, shi ya juya wa gwamnatin Faransa mai bin Jamus baya a watan Agusta 1940. Jamusawa sun san muhimmancin wurin, har a Janairu 1942 suka turo jirgi guda ɗaya tal daga Libiya ya tsallako Sahara ya jefa bam a filin Fort Lamy, mai ya yi ta ci da wuta.

Abin da ke ɗan ci min rai shi ne duk inda na karanta sunan matuƙa ne da kwamandoji da kamfanin Pan American na Amurka da ya zo a 1941 ya faɗaɗa filayen. To wa ya fasa marmara, wa ya ɗauko ta a kwanon sarki, wa ya gangaro da durom-durom na mai? Shiru kake ji. A shekarun nan ne fa kuma ake diban gwamna, ana kwasar mutanen ƙauyukanmu na lardin Bauchi ana kai su haƙar kuza a Jos dole, tsofaffi har yau in an taɓo zancen sai su girgiza kai.

Kawu Ɗanlami da na nuna wa addar shi kuma sai ya ɓalle da labarin yaƙin basasa, ka san shi. Wai filin Uli na 'yan Biyafara ba fili ba ne, titin mota ne aka faɗaɗa tsakanin Anaca da Owerri, da dare jiragen agaji ke sauka, a kunna fitilu na ɗan lokaci a kashe saboda jirgin tarayya na shawagi a sama. Ta nan Ojukwu ya fice a Janairu 1970. Wannan kam gaskiya ya faɗa, sauran da ya ƙara na bar masa kayansa.

Addar tana wurina yanzu. Sadiku ya so ya haɗa ta da tarkacen da za a ba 'yan gwangwan, na ce kul. Na goge ta da baƙin mai na rataye a shago, jiya wani kwastoma har ya taya ta dubu ɗaya da ɗari biyar wai zai sare ciyawa.

Dan Allah in ka samu sarari ka tambaya min ko akwai gidan tarihin soja a nan da ke da irin jiragen nan, ka ɗauko min hoto ko a waya ne. Bikin Sadiku bayan ƙaramar salla ne, an ce a gaya maka kuɗin anko dubu goma sha biyu, ko ba ka zo ba sai ka biya. Ka gaishe min da su Mustafa, kuma ka kira Inna.

Naka,
Bala