Wasiƙa Daga Landan Game da Kayan Indiya a Bajekolin 1851

Zuwa ga aminina Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da mutanen kasuwa, na rubuto ne domin in cika alkawarin da na ɗauka cewa duk abin da na gani a ƙasar nan wanda ya shafi saƙa da rini zan ba ka labarinsa, tunda sana'ar gidanku ce tun kaka da kakanni.

Ranar Asabar na shiga gidan tarihi na Victoria and Albert, na daɗe tsaye a gaban wani yadi na Indiya da aka saƙa da siliki da zaren zinariya. Na matsa har numfashina ya taɓa gilashin, ina neman inda zare ya kauce ko inda launi ya zarce iyakarsa, ban samu ba. Asalin irin waɗannan kaya a gidan shi ne babban bajekolin duniya da aka buɗe ranar 1 ga Mayu, 1851, a filin Hyde Park, cikin wani katafaren gini na ƙarfe da gilashi da Joseph Paxton ya zana, wanda aka kira Crystal Palace. Kafin a rufe shi a watan Oktoba an shiga fiye da sau miliyan 6, musamman bayan an sauko da kuɗin ƙofa zuwa sule ɗaya a wasu ranaku domin leburori su ma su samu gani.

Indiya ta samu fili babba a tsakiyar ginin, amma ba mutanen Indiya ne suka kai kansu ba. Kamfanin East India, wanda ke riƙe da ƙasar a lokacin, shi ya tattaro kayan ta hannun jami'ansa na larduna, wani masanin tsirrai mai suna John Forbes Royle kuma ya jagoranci tsara su. An jera lallausan yadin Dhaka, da mayafan Kashmir, da makamai, da karagar hauren giwa da sarkin Travancore ya aiko wa Sarauniya Victoria. Akwai kuma sirdin giwa mai ado, wanda sai da aka aro busasshiyar giwa daga wani ƙaramin gidan tarihi na garin Saffron Walden aka ɗora shi a kai. Gefe guda ga auduga da baba da shinkafa da katako, wato abin da masana'antun Ingila ke da buƙata.

Abin da jama'a suka fi yi wa tururuwa shi ne lu'ulu'un Koh-i-Noor, wanda aka karɓe daga hannun Duleep Singh, sarkin Punjab, yaro ɗan shekara 10, sa'ad da aka haɗiye ƙasarsa a 1849. An sa shi cikin keji mai ruwan zinariya, masu kallo kuma suka yi ta ƙorafin cewa ba ya walƙiya yadda suka zata, saboda haka a 1852 aka sake feƙe shi, nauyinsa ya ragu daga kimanin karat 186 zuwa wajen 105. Yana nan har yau a Hasumiyar Landan.

Ni dai ba dutsen ne ya tsaya mini a rai ba, yadin ne. Masana zane na Ingila, irin su Owen Jones, sun fito fili sun ce masaƙan Indiya sun fi nasu iya haɗa launi da tsara ado, har gwamnati ta ware fam 5,000 aka sayi zaɓaɓɓun kaya daga bajekolin, ciki da na Indiya masu yawa, domin ɗaliban zane su koya. Yabo ne na gaskiya, kuma ban raina shi ba. Sai dai ka dubi inda ya ƙare. A 1866 John Forbes Watson, wanda ya gaji aikin Royle, ya sa aka yayyanka yadudduka iri 700 na Indiya aka manna su cikin kundi 18, aka yi kwafi 20, aka raba 13 a Birtaniya, galibi garuruwan masaƙu, sauran 7 aka aika Indiya. Kowane ƙyalle an rubuta tsawon turminsa da faɗinsa da nauyinsa da farashinsa, kuma bai ɓoye manufarsa ba: injinan Ingila su saƙa irinsa da araha a kai wa mutanen Indiya su saya. Kai da ke zaune a Kantin Kwari, wanda ka ga yadda ake ɗaukar samfurin atamfa a tafi da shi a dawo da kwantena cike da kwaikwayonsa, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Abin da ya fi yi mini zafi shi ne a jikin yawancin kayan za ka ga sunan gari da shekarar saye, amma ba za ka ga sunan wanda ya zauna ya saƙa ba.

Wani abu kuma da na tuna ina tsaye a wurin, a watan Fabrairun wannan shekara ta 1851 ne Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a tafiyar da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi, ya rubuta yadda saƙi da rinin garinmu ke kaiwa har Timbuktu da Ghat da Tarabulus. Shi ma neman hanyar ciniki na daga cikin dalilan aiko shi.

Saboda haka ina roƙonka, idan ka je gaida Baba, ka zauna da shi da takarda ka rubuta mini sunayen ire-iren saƙi da turkuɗi da ya sani, da garin da ake yin kowanne, da gidajen da suka shahara da shi, har da sunayen masaƙan da marinan da yake iya tunawa. Idan akwai tsofaffin ƙyallaye a adaka, kada a zubar, a ajiye mini har in zo da babbar salla in Allah ya yarda.

Ka gaida Baba da Hajiya da yara.

Wassalam,
Amininka na kullum.